Rigimar Tiransfos da Lissafin Kiɗa

BALA: An kunna ko? To jama'a, barkanmu da warhaka daga Tudun Wada, Gombe. Bala ne, ga Anti Rifkatu, ga Auwal. Duk wanda ke gurup ɗinmu ya san abin da ya hana mutane barci.

AUWAL: Tiransfos!

BALA: Wani bawan Allah ya ce duk mai fiyanon da ke danna tiransfos, wato maɓallin da ke ɗaga ko sauke sautin fiyano ba sai ka canja inda yatsunka ke dannawa ba, bai iya kiɗa ba, shi ke nan aka yi ca a kansa.

AUWAL: Ni ma na yi masa raddi, Yaya Bala. Yara nawa ke cin abinci a situdiyo da ki ɗaya, wato jerin sauti ɗaya da suka iya buga waƙa a kansa? Mawaƙi ya zo, muryarsa ta yi sama, ka danna maɓalli, aiki ya tafi.

BALA: Ban ce haramun ba ne. Damuwata yaron da bai san me hannunsa ke yi ba. Sauti 12 ne fa kacal a fiyano, fari bakwai, baƙi biyar, sai su yi ta maimaituwa. Ka ɗebi bakwai, ka sa musu lamba ɗaya zuwa bakwai. Anti, ku a kwaya me kuke ce musu?

RIFKATU: Do, re, mi. Mu a Kaltungo tun muna yara da solfa ake koya mana waƙa. Akwai tsofaffin da ba su taɓa taɓa fiyano ba, amma ka rubuta musu a allo, yanzu za su raba murya huɗu.

BALA: Ka ji! Ilimin yana nan cikin jihar nan, mutane na zaton sai an je Legas. Idan ka san lamba, ki ba zai ba ka tsoro ba. A ki na C, ɗaya C ne, huɗu F, biyar G. Koma ki na G, ɗaya G, huɗu C, biyar D. Tafiyar ɗaya ce. Buluz na baƙaƙen Amurka a kan ukun nan ya zauna, gaɓa 12 ana zagayawa, kuma daga cikinsa rok ya samo ƙafa. Pop kuwa, ɗaya, biyar, shida, huɗu. C, G, A ƙarami, wato maino, F. Bari in buga. Auwal, me ka ji?

AUWAL: Wallahi rabin waƙoƙin da ake kawo mini ke nan.

BALA: To kunnenka ya riga ya sani, sunan ne kawai ba ka ba shi ba. Jaz ne ke da ɗan nauyi, don su kod, wato sautukan da ake bugawa tare, mai sauti uku bai ishe su ba, sai sun ɗora na huɗu, wanda ake kira na bakwai. Tafiyarsu biyu, biyar, ɗaya. Saurara: D ƙarami, G, sannan C. Ka ji yadda G ɗin nan ke jan ka gida? Sautin B da F ne a cikinsa, B na son hawa C, F na son sauka E. Motsi ƙanƙani, yatsa biyu kawai.

RIFKATU: Ti zuwa do, fa zuwa mi. Masu alto sun san wannan.

AUWAL: Ku dakata, wannan ƙarar na shiga mayik?

RIFKATU: Janaretan maƙwabta ne.

BALA: Shi ma yana da ki, ai.

AUWAL: Haba Yaya!

BALA: Da gaske. Wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ne gurnanin da kake ji a sifika in waya ba ta zauna ba. G na can ƙasan bes kuwa 49 ne. Kusan abu ɗaya.

RIFKATU: Ashe janareta ɗan bes ne, a ɗinka masa rigar kwaya.

AUWAL: Wannan ɗin in mai ya kusa ƙarewa sai ya sauka F.

RIFKATU: Ya danna tiransfos ke nan!

AUWAL: A sa shi a gurup ya kare kansa.

RIFKATU: Ai ba ya fashin rihasal, ya fi wasu.

AUWAL: Sai ranar da aka kawo wuta.

BALA: To ya isa, ku bar shi ya huta. Abin da na fi so mu taɓa shi ne tsara kiɗa, wato wa zai buga me, a wane lokaci. Nan ne nake jin ciwo. Kwanaki na shiga wani situdiyo, yaro ya buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ya jera fiyano, jita, sarewa, goge, duka suna bin muryar mawaƙiya sau da ƙafa. Hannun hagunsa kuma yana can ƙasa yana takawa inda bes ke takawa. Na ce kashe hannun hagu. Ya kashe. Na ce sarewar nan ta yi shiru sai mawaƙiya ta ja numfashi. Nan take baitin ya fito tas, shi da kansa ya cire hedfon yana kallona.

AUWAL: Mu dai in fili ya yi yawa sai mu ga kamar ba mu yi aiki ba. Mai waƙa ma zai ce kuɗinsa bai fito ba.

BALA: Kunna masa Dan Maraya Jos. Kuntigi, tsirkiya ɗaya, ya cika fili. Ko faifan makaɗin jaz Miles Davis na 1959, Kind of Blue, waƙar farko kod biyu ce kacal, sauran duk sarari ne. 'Yan rok ma in sun ƙure wa jita ƙara, sauti biyu suke riƙewa, ɗaya da biyar, don in ka sa na uku sai ya dagule. Kuma kada wani ya ce karatu na kashe baiwa. Fela Kuti ya je Landan a 1958 ya yi karatun kiɗa a kwalejin Trinity, ka saurari yadda ƙahoninsa ke amsa wa juna, kowa da gurbinsa.

RIFKATU: Amma Bala, a yi hattara. Yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, babu fa, babu ti. In ka cusa musu kod ɗin jaz ko ta yaya, sai ɗanɗanon ya gudu. Ga Hausa kuma da hawa da saukar murya, karin waƙa dole ya bi maganar.

BALA: Gaskiya ne Anti. Shi ya sa jitar Agadez ke burge ni, irin su Bombino da Mdou Moctar. Sauti biyar ɗin nan ne, sau da yawa a kan kod ɗaya za su zauna, kuma Turawa na kiransa rok.

AUWAL: Yaya, batir ya nuna ja. Mun ce za mu ba masu koyo matakai.

BALA: Kai! To a gurguje, ɗauki waƙa ɗaya da ka iya, rubuta lambobinta, buga ta a C, gobe a G, jibi a F, ba tare da ka taɓa maɓallin nan ba. Sauran sai mako mai zuwa.

RIFKATU: Tambayar yarinyar nan ta Bolari fa, kan jitar hannu?

BALA: Da ita za mu buɗe, in Allah ya kai mu. Auwal, yi sebin kafin batirin ya mutu.