Ƙofar Gaba da Ƙofar Baya: Launin Fata da Neman Gurbi a Manyan Jami'o'in Amurka

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan uwa ɗalibai, na gode da wannan gayyata. Na can baya kuna ji na? To, madalla.

Mu fara da lissafi. A 2023, ɗalibai kusan dubu 57 ne suka nemi gurbi a Jami'ar Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai dubu 2 ba. Cikin kowane ɗari, mutum uku da ɗan ɗoriya ke nan. Kada ku ɗauka waɗanda aka mayar daƙiƙai ne, da yawansu su ne zakarun makarantunsu. In kujera ɗaya ce, ga haziƙai talatin a tsaye, maki ba zai raba gardama ba. Dole a duba wani abin. A kan wannan abin ne Amurkawa suka kwashe shekaru suna shari'a.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duba hali da asalin ɗalibi ba don taimakon kowa aka ƙirƙiro shi ba. A 1922 Yahudawa sun haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗaliban Harvard. Shugaban jami'ar, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawansu ƙiri-ƙiri. Da hakan bai samu karɓuwa ba, sai aka zagaya: a kawo wasiƙar shaida, a yi ganawa, a auna "nagartar hali". Yawan Yahudawa ya ragu ba tare da an rubuta sunansu a wata doka ba. Bayan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata ta shekarun 1960, da wannan ma'aunin dai aka riƙa shigo da waɗanda aka daɗe ana rufe wa ƙofa. Wuƙa ɗaya ce, hannun da ke riƙe da ita ne ya sauya.

Kotun Ƙoli ta fara sa baki sosai a 1978. Makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta ware kujeru 16 cikin 100 ga tsiraru, wani Bature mai suna Allan Bakke ya kai ƙara. Kotu ta ce ware adadi haramun ne, amma ana iya sa launin fata cikin abubuwan da ake dubawa. A 2003 aka maimaita da Jami'ar Michigan, wadda ke ba ɗan tsiraru maki 20 cikin 150 kai tsaye. Aka soke wannan, aka bar tsarin sashenta na lauyoyi mai duba ɗalibi ɗaya bayan ɗaya. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta ce tana sa ran nan da shekara 25 ba za a buƙaci hakan ba. Shekara 20 kawai aka yi.

Na ga wasunku na murmushi, na san kun tuna da namu. Mu a jami'o'in tarayya na Najeriya a rubuce yake: kashi 45 cancanta, 35 yankin jami'a, 20 jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ka so ko ka ƙi, kana ganin lambar da kake faɗa da ita. Su kuwa an hana su lamba, sai komai ya koma cikin ɗakin kwamiti, inda ba mai leƙawa.

Ƙarar da Edward Blum, mai fafutukar hana duba launin fata, da ƙungiyarsa suka shigar kan Harvard a 2014 ita ta buɗe wannan ɗaki, domin dole Harvard ta miƙa bayanan masu neman gurbi na shekaru. Sai ga shi Amurkawa 'yan asalin Asiya su ne kan gaba a karatu, amma a makin "hali", wato kirki, jarunta, iya zama da mutane, su ne a ƙasa. Kun ji ƙanshin 1922? Alƙaliyar kotun farko ta ce ba a tabbatar da wariyar ganganci ba. Amma ranar 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙoli ta haramta amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a Harvard da Jami'ar North Carolina, da duk masu bin sawunsu.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne. A cikin waɗancan bayanan, masana tattalin arziki, ciki har da Peter Arcidiacono wanda shi ne ma ƙwararren shaidar masu ƙara, sun gano cewa fiye da kashi 43 na Turawan da Harvard ta ɗauka sun fito ne daga rukuni huɗu: 'yan wasa, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan ma'aikatan jami'ar, da waɗanda ke jerin musamman na hukuma, inda 'ya'yan masu ba da gudummawar kuɗi suke. A tsakanin baƙar fata da 'yan Asiya da 'yan asalin Latin Amurka, abin bai kai kashi 16 ba. Kuma in an ce 'yan wasa, kada ku hango ƙwallo kaɗai. Akwai tseren kwale-kwale da wasan takobi, waɗanda ɗan talaka bai taɓa ganin filinsu ba. Masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun ƙara da cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 cikin ɗari mafi kuɗi a ƙasar ya ninka ɗan matsakaicin gida damar zama a irin waɗannan jami'o'i, ko da makinsu ɗaya ne. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji Bahaushe, to waɗannan tun kakanninsu aka share musu ita. Kotu ba ta taɓa wannan ƙofar ba, don ba a kanta aka kai ƙara ba. A ganina, duk wanda ya ce ranar nan cancanta ta yi nasara, rabin labarin ya ba ku.

Sakamako bai zo iri ɗaya ba. A 2024 baƙar fata a sabon ajin jami'ar fasaha ta MIT sun faɗo daga kusan kashi 13 zuwa 5. A kwalejin Amherst daga 11 zuwa 3. A Harvard daga 18 zuwa 14. Yale kuwa ta tsaya a kan 14. Hukunci ɗaya, amma kowa da yadda ya karanta shi, domin Alƙalin Alƙalai John Roberts ya bar taga: ɗalibi na iya rubuta yadda launin fatarsa ya shafi rayuwarsa, jami'a kuma ta duba, muddin shi ake aunawa ba launin ba.

Saura abu guda da ya taɓa mu. Wane ne ma baƙar fatan da ake ƙirgawa? Tun 2004 malaman Harvard biyu, Lani Guinier da Henry Louis Gates, suka yi ƙorafin cewa akasarin baƙaƙen ɗaliban jami'ar 'yan ci-rani ne daga Afirka da Karebiyan, ko 'ya'yansu, ko ruwa biyu. Binciken Douglas Massey da abokansa na 2007 ya samu kashi 41 na baƙar fata a jami'o'in Ivy League (rukunin manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale) da suka duba daga gidajen 'yan ci-rani suke. Ɗan likita ɗan Najeriya da aka haifa a Houston ya cike akwatin fom ɗin neman gurbi da aka tanada domin jikokin bayi, kuma jikokin bayin sun lura.

Shi kuwa wanda zai nema daga Kano ko Zinder, ba ya cikin waɗannan alƙaluman ko kaɗan. A rukunin ɗaliban ƙetare ake lissafa shi, tare da na Sin da na Indiya, kuma a yawancin jami'o'in abin da za a fara tambayarsa shi ne wa zai biya.

An miƙo min takarda cewa lokaci ya yi. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.