Warin da ƙwayoyin sayanobakteriya ke fitarwa idan an ba su sukari

Jama'a, assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, sannunku da zuwa.

Wannan koren da kuke gani a saman kududdufi, muna ce masa gansakuka, wani ɓangarensa ba tsiro ba ne, ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira sayanobakteriya. Da hasken rana suke haɗa abincinsu. Su ne suka fara cika sararin duniya da iskar da muke shaƙa, shekara kusan biliyan 2.4 da suka wuce. Ko dihe da matan Kanembu ke tacewa a tafkunan yankin Tafkin Chadi, su shanya a kan yashi, su yi miya da shi, danginsu ne.

To, wasu daga cikinsu suna cin sukari in sun samu. Akwai Synechocystis da aka ɗebo daga wani ruwa a Kalifoniya a 1968. Ka zuba mata gulukos, ka rufe ta a duhu, za ta yi girma, amma da sharaɗi: kullum sai an haska mata fitila na kimanin minti 5. Wannan abu har yau yana burge ni.

Me ya kai mu maganar wari? Ƙwayar sayanobakteriya tana sarrafa abin da ta ci, wani ya fita ya bi iska. Sinadarin jiyosmin na daga cikin abin da wasunsu ke fitarwa, shi ne ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, kuma shi ke sa tarwaɗa ɗanɗanon taɓo. Nanogiram 10 kacal a lita guda ta ruwa (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram), hancin mutum ya kama shi. Shi ya sa masu tace ruwan famfo ke fama da shi. A 2010 kuma masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili suka dasa wa Synechocystis ƙwayar gadon wani tsiro, ta fara fitar da aisofirin, sinadarin da ake yin roba da shi.

Ɗalibai, a nan nake so ku buɗe kunne. Da zarar ka zuba sukari a kwalbar da kake kiwon sayanobakteriya don gwada warinsu, ka yi gayya. Wasu bakteriya na daban, waɗanda suka fi su saurin haihuwa, za su cika ta a 'yan kwanaki, ruwan ya yi hazo, su ma da nasu warin. Jiyosmin ɗin ma, a jikin Streptomyces, wasu bakteriya na cikin ƙasa, aka fara gano shi a 1965. Don haka kafin ka kai iskar saman kwalbar ga na'urar tantancewa, ɗebi ɗigo ka shafa a farantin gwaji, ka tabbata ba baƙo a ciki.