Fodkas: Kafin ka cike ABU Zariya a fom ɗin JAMB

Aminu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Yaya Rabi da Sadik, kuma yau maganar Jami'ar Ahmadu Bello za mu yi. Saƙonnin da ɗalibai ke turo mana kusan tambaya ɗaya suke ɗauke da ita. Uba yana cewa a cike Zariya domin makaranta ce mai suna, uwa kuma tana cewa ta ji rayuwar can tana lalata yara. Yaya Rabi, ke kika karanci shari'a a harabar jami'ar da ke Kongo, da ke zan fara.

Rabi: Wa alaikumus salam. Ni dai duka biyun na fahimce su, Aminu. Sunan nan ba a banza aka same shi ba. Tun 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta, Sardauna ne uban jami'ar na farko, kuma an daɗe ita kaɗai ce jami'a a Arewa. Ko Jami'ar Bayero ta Kano, BUK ɗin da ka yi, ai kwaleji ce a ƙarƙashinta kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977.

Aminu: Haka ne Yaya, Kwalejin Abdullahi Bayero ake ce mata a lokacin.

Rabi: To ka gani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a can ya yi, Namadi Sambo a can ya karanci zanen gine-gine, Sanusi Lamido Sanusi a can ya yi tattalin arziki. Duk ma'aikatar da ka shiga a Kaduna ko Abuja sai ka iske ɗan ABU a ciki. Amma abin da nake so yaro ya gane shi ne, ba a Jami'ar Ahmadu Bello gaba ɗayanta zai zauna ba. A sashe guda zai zauna, da malamai ƙalilan, shekara huɗu ko biyar ko shida. Su ne za su koyar da shi, su ne za su duba takardarsa.

Sadik: Wallahi nan ne ɗalibai da yawa ba sa dubawa, Yaya. Ni noma na karanta a Samaru. Abin da ya amfane ni shi ne cibiyar binciken aikin gona, IAR, tana nan kusa da mu, kuma ta girmi jami'ar ma. Irin masara da dawa da wake da ake sa wa suna SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA, daga can suke fitowa. Malamin da ya shigo mana lakca da safe, da yamma za ka gan shi a gonar gwaji da takalmin roba, yana ɓare kan masara yana nuna maka inda tsutsa ta shiga. Ga NAPRI a Shika ta binciken dabbobi. Wanda yake son noma ko likitancin dabbobi, Zariya wurinsa ce, ban da kokwanto.

Aminu: Wanda kuma yake son wani fannin fa? Ta ina zai gane ko sashen yana da ƙarfi?

Rabi: Ya fara da tambaya ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin cikakkiyar amincewa. Bayan ita akwai hukumomin sana'a. Injiniya sai da COREN, likitanci sai da MDCN, mu kuma 'yan shari'a Majalisar Ilimin Shari'a ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta tura makarantar lauyoyi. Sannan ya nemi ɗalibin da ke aji uku ko huɗu a sashen ya tambaye shi kai tsaye: ku nawa ne a aji, ana shiga ɗakin gwaji ko a allo kawai ake yi, sakamako yana fita a kan lokaci? Ɗan aji ɗaya bai san komai ba tukuna, wanda ya gama shekara ashirin da suka wuce kuma labarin zamaninsu zai ba ka.

Sadik: Kuma ya san a ina zai zauna. Mutane suna cewa ABU kamar wuri ɗaya ne. Samaru ce babbar harabar, kan hanyar Funtuwa. Kongo tana cikin gari kusa da Tudun Wada, sai ka hau mota tsakaninsu. Ɗalibin likitanci kuma idan ya kai matakin asibiti Shika zai koma.

Rabi: Rayuwar ma daban take. Kongo ƙarama ce, kowa ya san kowa. Idan ba ki zo lakca kwana biyu ba sai an biyo ki ɗaki a ji ko lafiya. Samaru kuwa gari ce guda.

Aminu: To mu zo kan tsoron uwar. Sadik, gaya mana gaskiya, me yaro zai tarar?

Sadik: Zai tarar da Najeriya gaba ɗaya a ɗaki guda. Ɗakinmu a Danfodiyo akwai ɗan Tibi daga Binuwai, akwai Bayerabe daga Ilori, akwai ɗan Kudancin Kaduna, sai ni daga Katsina. Kafin nan ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da wanda ba Musulmi ba. Da azumi ya zo, ɗan Binuwan nan shi ke tashina sahur idan ya dawo daga karatun dare, ya buga ƙarfen gado ya ce lokaci ya yi. Har yau muna waya. Wannan ba a koyar da shi a aji, kuma a ganina rabin abin da ake zuwa Zariya nema ke nan.

Rabi: Na yarda da kai, amma kada mu raina tsoron uwa, domin yana da tushe. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da ba ta taɓa riƙe kuɗin wata guda a hannunta ba, yau ga ta babu mai cewa tashi ki yi salla, babu mai cewa ina za ki. Na ga waɗanda suka shigo da maki mai kyau, zangon farko ya ƙare da keri-oba uku, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba. Ƙawaye suka samu waɗanda hira da yawon biki suka fi ƙarfinsu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Makin aji ɗaya kuma yana bin ɗalibi har ranar da zai fita, tunda duka ake haɗawa a lissafa.

Sadik: Shi ya sa nake cewa makonnin farko su ne komai. A nan ake zaɓen mutane. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, tana shirya darussan ƙarin bayani kyauta ga 'yan aji ɗaya, ɗaliban sama ne ke koyarwa. Kiristoci suna da FCS da sauransu. Akwai ƙungiyoyin jiha da na ƙaramar hukuma, inda za ka sami ɗan garinku da ya riga ka, ya nuna maka yadda ake rajista da inda ake cin abinci mai araha. Wanda ya riƙe waɗannan, da wuya ya ɓata.

Aminu: Wani zai ce kenan yaro ya kulle kansa tsakanin masallaci da aji.

Rabi: A'a, wannan ma asara ce. Zariya makarantar muhawara ce tun asali. Nan Dokta Yusufu Bala Usman ya koyar da tarihi, ɗalibai daga wasu tsangayoyi suna cika ɗaki don su saurare shi. Tun kafin a kafa jami'ar, a 1958, ɗaliban zane na tsohuwar kwalejin da ke wurin, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta sauya fasahar zane a ƙasar nan. Ɗalibi ya je Drama Village ya kalli wasa, ya shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya ɗauki littafin da ba na kwas ɗinsa ba, ya buga ƙwallo, ya tsaya takarar ƙungiyar sashensu. Ni a muhawarar ɗaliban shari'a na fara koyon tsayuwa gaban jama'a in yi magana, kuma da ita nake cin abinci yau.

Aminu: Batun masauki fa? Iyaye mata sun fi damuwa da shi.

Sadik: Kamar sauran manyan jami'o'in tarayya, ɗalibai sun fi gadaje yawa. Mata suna da Amina da Ribadu da wasu, maza suna da Danfodiyo da Akenzua da ICSA da Ramat. Da zarar an buɗe shafin neman gado a intanet, kada a jira gobe. Wanda bai samu ba sai haya a cikin Samaru ko Hayin Dogo ko Palladan, kuma nan ne ya kamata uba ya zo da kansa ya ga gidan, ya ga makwabta, ya tambayi ruwa da wuta. Kuma a zo da bargo mai kauri, sanyin hunturun Samaru ba wasa ba ne.

Rabi: Akwai abu ɗaya da ban so mu ɓoye. Jami'ar tarayya ce, yajin aikin ASUU yana shafarta. Na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Duk wanda zai shiga ya sa a ransa cewa idan hakan ta faru zai koma gida ya koyi ɗinki ko kwamfuta ko ya kama noma, kada ya zauna yana ƙirga kwanaki.

Aminu: Wanda makinsa bai kai ba fa, Yaya?

Rabi: Ƙofa ba ta rufe ba. Akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa, SBRS, akwai kuma IJMB, wata hanyar share fage, wadda ABU ɗin ce ma ke kula da jarrabawarta, idan an ci a nemi shiga aji biyu kai tsaye. Abin da ba na so shi ne yaro ya karɓi kwas ɗin da ba ya so don dai a ce ɗan ABU ne. Idan zuciyarsa tana kan aikin jinya, ya samu a wata jami'ar, ya tafi can.

Sadik: Wanda kuma ya samu gurbi, ya shiga CAPS, shafin bayar da gurbi na JAMB, ya danna amincewa da wuri, kada wa'adi ya wuce shi. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024.

Aminu: Yaya Rabi, Sadik, Allah ya saka da alheri. Mako mai zuwa BUK za mu shiga, tsohuwar haraba da sabuwa, ku turo tambayoyinku tun yanzu. Mu kwana lafiya.