Ya Kai Layin Awo, Amma Ya Isa Hawa? Yara da Manyan Lilo a Wuraren Wasa

Masu kallo, barkanmu da war haka.

A ƙofar kusan kowane babban lilo a wuraren wasa na zamani akwai sanda ko allo da aka ja wa layi. Yaro zai jingina bayansa, ma'aikaci ya duba. In kansa ya kai layin a buɗe masa, in bai kai ba a ba shi haƙuri. Iyaye da yawa sun ɗauka sandar nan ta gama magana: tunda ya kai, ai ya isa. To, tambaya ɗaya tak take amsawa, sauran suna wuyan uba da uwa.

Tambayar ita ce: kujerar nan za ta iya riƙe jikin nan?

Ku dubi yadda babban mutum yake zama a jirgin wasan nan mai hawa tudu da faɗawa gangara. Bayansa manne da kujera, gwiwarsa ta lanƙwashe daidai bakinta, tafin ƙafarsa a ƙasa, ƙarfen kariya kuma ya sauko ya danne cinyarsa. Idan jirgin ya haura ƙololuwa ya tsunduma, jiki yakan ɗaga daga kujera na ɗan lokaci, kuma wannan ƙarfen ne ke hana mutum fita. Yanzu ku sa ƙaramin yaro a wurin. Ƙafarsa na reto, cinyarsa siririya, tsakaninsa da ƙarfen akwai sarari. A wasu lilon ma ƙarfe ɗaya ne ke sauka kan mutum biyu, sai ya tsaya a kan cinyar babban, yaron da ke gefe ya samu filin zamewa. Iyaye kan ji cewa tunda suna kusa babu komai, alhali jikinsu ne ya hana ƙarfen isa ga yaron.

Shi ya sa kowane lilo yake da nasa ma'aunin. A Disney World da ke jihar Florida a Amurka, ɗan ƙaramin jirgin yara mai suna Barnstormer yana neman santimita 89, wanda ya fi shi girma mai suna Space Mountain kuma 112. A wurare da yawa manyan jiragen kan fara daga 122, waɗanda suka fi tsanani 137. A jadawalin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin ɗan shekara huɗu yana kusa da santimita 103, ɗan shekara bakwai kusa da 122, sai wajen shekara goma ake kai 137. Amma ba kowane yaro ne matsakaici ba. Akwai ɗan shekara biyar da zai wuce layin 'yan bakwai, kuma tsawon bai ƙara masa wayo ko na kwana ɗaya ba.

Ina roƙonku, kada ku yi wa sandar nan dabara. Takalmi mai tudu, tura gashi sama, rada wa yaro ya yi ɗage: duk ana yi. Ma'aikaci za a iya ruɗa, ƙarfen kuwa yana nan yadda aka ƙera shi.

Mu koma jikin yaron. Jariri kansa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, na babba kuma kusan ɗaya cikin takwas. Ƙaramin yaro yana tsakani: kai babba, wuya bai gama ƙwari ba. A ƙasan gangara ko a kwana mai tsanani, manyan jiragen nan sukan danna mutum har ya ji nauyinsa ya ninka sau uku ko huɗu na 'yan daƙiƙu. Yaro mai kilo 20 zai ji kamar kilo 80. Babba ya ga kwana na zuwa, ya ƙanƙame wuya ya shirya. Yaro bai sani ba, sai dai kansa ya fizgu gefe ya bugi abin kariyar da ke saukowa kan kafaɗa a wasu jiragen, wanda sau da yawa daidai kunnensa yake tsayawa.

Wani bincike da asibitin yara na Nationwide da ke jihar Ohio ya fitar a 2013 ya duba shekarun 1990 zuwa 2010, ya gano yara kusan 93,000 aka kai sashen gaggawa a Amurka saboda rauni a irin waɗannan kayan wasa, wato sama da 4,400 a shekara. Kai da wuya ne suka fi samun rauni, faɗuwa kuma ita ce kan gaba a dalilai. A faɗi gaskiya dai, mafi yawa raunuka ne ƙanana, waɗanda aka kwantar ba su kai biyu cikin ɗari ba, kuma lissafin ya haɗa har da ƙananan dokunan wasa na manyan kantuna. Mutuwa a kan lilo abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai idan aka duba ɗimbin masu hawa. Ba na so ku bar nan da tsoron wurin wasa. So nake ku san inda za ku sa ido.

Akwai kuma abin da sanda ba ta gani sam. A 2005 wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu bayan ya hau Mission: SPACE a Epcot, ɗaya daga wuraren wasan Disney World, lilon da ke juya mutane da ƙarfi don su ji kamar tashin kumbo. Ya kai tsawon da ake nema. Binciken gawa ya nuna yana da ciwon zuciya da ba a sani ba. A 2006 aka buɗe wani sashe na lilon mai sauƙi, wanda ba ya juyawa. Saboda haka allon gargaɗin nan da ke ƙofa, mai maganar ciwon zuciya da farfaɗiya da ciwon baya ko wuya, ba don tsofaffi kaɗai aka rubuta shi ba. Yaron da ya taɓa suma yana wasa, ko yake kukan ciwon ƙirji in ya yi gudu, ko aka yi masa aiki kwanan nan, a fara jin ta bakin likita.

Amma a ganina babbar tambayar tana wani wuri: yaron nan zai iya zama yadda aka ajiye shi har a tsaya, ko da ya firgita?

Yawancin jiragen nan tafiyar minti biyu ko uku ce, kuma da sun tashi babu sauka. Babba in ya tsorata, runtse ido yake ya riƙe ƙarfe, domin ya san abin zai ƙare. Ɗan shekara huɗu in ya tsorata, abin da ya sani shi ne ya gudu wurin uwarsa. Zai yi ƙoƙarin miƙewa, ya janye ƙafa daga ƙarƙashin ƙarfe, ya juya baya yana neman wanda zai ɗauke shi. An gina kariyar ne a kan cewa mai hawa zai zauna daram, bayansa a jingine, hannu da ƙafa a ciki. Don haka ku duba halinsa na kullum. In kun ce ya zauna a mota da bel, yana zama ko sai ya kwance? In ya ji tsoro yana sauraron magana, ko ba ya ji ba ya gani? Kun fi kowane ma'aikaci sanin amsar.

Sannan ba gudu ne kaɗai ke firgita yara ba. Wasu lilon tafiyarsu a hankali take, amma cikin duhu, da ƙara mai ƙarfi, da dodanni masu fitowa ba zato. Yaron da bai kai shida ko bakwai ba bai gama rarrabe wasa da gaske ba. Ku ce masa roba ce, zai gyaɗa kai, amma idonsa ya gaya masa dodo ne. Wani yaron zai sauka daga jirgi mai gudu yana dariya, ya shiga ɗakin duhu na minti uku ya yi makonni ba ya yarda a kashe fitila.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tilastawa. Za ku ga uba yana jan ɗansa a layi, yaro na turjewa, ana ce masa, “Haba, kai fa namiji ne, ga ƙanwarka ma ta hau.” Ko a ce, “Mun riga mun biya.” Wallahi ba a koya jarumta ta haka. Yaron da aka ɗaure a kujera yana kuka, abin da ya koya shi ne in ya ce a'a ba a jinsa. Kuma shi ne ya fi kowa haɗarin yunƙurin fita. Haka nan kada a yi masa ƙarya cewa ba ya gudu. Ku gaya masa gaskiya: zai hau sama a hankali, zai gangaro da sauri, cikinka zai yi wani iri, ina gefenka, kafin ka ƙirga ɗari an kusa gamawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bi mataki-mataki. A fara da doki mai zagayawa, a koma ƙaramin jirgin yara. Ku tsaya tare ku kalli babban ya yi zagaye biyu, ya ji ihun mutane, ya ga fuskokinsu lokacin sauka. Sannan ku tambaye shi a gefe, ba a gaban yayyensa ba. In ya ce bari sai wani lokaci, shi ke nan. Wurare da yawa suna da tsarin da ɗaya daga iyaye zai jira da yaro, ɗayan ya hau, sannan su yi musanya ba tare da sake bin layi ba. Ku tambaya a ƙofa.

In kuwa ya hau, to ku duba bel ɗinsa da hannunku. A watan Satumba na 2021, a wani wurin wasa da ke Glenwood Springs a jihar Colorado, yarinya 'yar shekara shida ta faɗo daga lilo mai sulluɓawa cikin rami mai zurfin kusan mita 33, ta rasu. Binciken hukuma ya nuna a kan bel ɗin ta zauna, ba a ɗaura mata ba, na'ura ta yi gargaɗi, ma'aikata suka share gargaɗin suka saki lilon. Yaro bai san yadda ɗauri mai kyau yake ba. Ku ja bel ɗin, ku girgiza ƙarfen, in kun ga sarari ku ɗaga hannu ku yi magana da ƙarfi kafin a tashi. Jin nauyin mutanen da ke layi ba na wannan lokacin ba ne.

Jiri da amai kuma daga rikicin ido da kunne suke. Can cikin kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda jiki ke motsi, in labarinsu ya saɓa da na ido sai zuciya ta tashi. Abin ya fi kama yara tsakanin shekara shida zuwa goma sha biyu. A ba su ruwa, kada a hau da ciki cike, a huta tsakanin lilo da lilo.

Bayan an sauka ku lura da shi. Jiri na 'yan mintuna ba komai ba ne. Amma ciwon kai mai tsanani, amai a kai a kai, ciwon wuya, tangaɗi, magana ba daidai ba, ko barcin da ba a saba gani ba, ko da sai washegari suka bayyana, a kai shi asibiti nan take, a kuma gaya wa likita irin lilon da ya hau.