Muzuruna ya kasa fitsari a Yamai

Jama'a salamu alaikum, yau raina a ɓace yake wallahi. Kun san muzurun nan nawa da ke giftawa ta bayana in ina bidiyo? To shekaranjiya sai na ga yana ta zarya wajen yashinsa, ya tsuguna ya yi nishi ya yi kuka, ba abin da ke fita sai ɗigo ja-ja, ya koma gefe yana lasar gabansa. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce ai cikinsa ne ya ɗaure, ki jiƙa masa rabin farasitamol. Na ce Hajiya ki rufa min asiri! Farasitamol guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta, don Allah kar wanda ya gwada.

Na naɗe shi a zani na tari taksi sai wajen likitan dabbobi. Yana taɓa mararsa ya ce Madam mafitsara ta cika ta yi tauri, ya sa na taɓa, kamar goruba wallahi. Wai hanyar fitsarin namiji siririya ce, 'yar tsakuwa ko majina mai yashi-yashi sai ta toshe ta, fitsari ya taru ƙoda ta tsaya, sinadarin fotasiyam ya hau jini ya taɓa zuciya, kwana 1 zuwa 2 an rasa dabba. Aka yi masa allurar barci aka zura ɗan siririn tiyo fitsarin ya fito, aka sa masa ƙarin ruwa, ga gwajin fitsari ga hoton ciki, jika 40 (sefa dubu 40) ta tafi, ban ma lissafa da naira ba don kar hawan jini ya kama ni.

Ni a Kano magen gidan kakata a soro take kwana, kan kifi da sauran tuwo, ban taɓa jin an kai ta asibiti ba. Allah sarki gida, har ƙamshin gurasar Jakara na ji yanzu.

Abin da ya ban mamaki, likitan ya ce a magunan da ba su tsufa ba, ba kasafai ƙwayar cuta ke kawo wannan ba, yawanci mafitsara ce ke kumbura saboda damuwa, tashi daga gida, baƙuwar mage, hayaniya. Mu kuwa kwanan nan muka taso daga unguwar Wadata zuwa Yantala. Ga busasshen abincin leda, ga zafin Yamai da ke wuce digiri 40, shi kuma shan ruwa bai dame shi ba. Tsakuwar ma yawanci iri biyu ce, wata abinci na musamman ke narkar da ita, wata sai an yi aiki.

Yanzu kwanon ruwa kowane lungu, abinci mai romo, yashi kullum a share. Ke mai muzuru, in kin ga yana tsugunawa ba fitsari kar ki matsa masa ciki, kar ki ce sai gobe, ko Juma'a ce ki nemi likita a ranar.