Maki 224 da burin tiyata a Amurka: yadda na shiga zagaye na biyu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare, ko da yake na san wasunku gari ya waye musu. Ku yi haƙuri da hasken nan, a kicin nake zaune, ɗakin da na saba ɗauka na riga na jera shi saboda intabiyun gobe kuma ba na son in taɓa ko kujera a ciki. Yau zan yi maganar da na daɗe ina zagayewa, tunda kusan kullum sai wani ya turo min saƙo yana tambaya, Dakta nawa ka ci a Step 2, ni kuma in yi shiru. Toh 224 na ci. Na faɗa, shikenan.

Ga waɗanda ba likitoci ba, bari in ɗan warware muku. Duk likitan da ya yi karatu a waje yana son yin aiki a Amurka sai ya rubuta jarabawar USMLE, hawa uku ce, Step 1, Step 2 da Step 3. Sai ya ci biyun farko ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, za ta iya ba shi shaida, wadda sai da ita zai shiga horon ƙwarewa, wato residensi. A da makin Step 1 shi ne sarki, amma tun watan Janairun 2022 aka daina ba da maki a kanta, ko ka ci ko ka faɗi kawai, sai duk nauyin ya dawo kan Step 2 CK. Jarabawar wuni guda ce, awa 9 kana gaban kwamfuta. Lokacin da na rubuta 214 ne makin tsallakewa, daga Yulin 2025 aka ɗaga shi zuwa 218, su kuwa ɗaliban da suka yi karatu a nan matsakaicinsu yana wajen 250. Kun ga inda 224 ta tsaya kenan. Na ci, amma a bakin ƙofa na tsaya.

Ranar Laraba sakamakon ya fito, ina cikin mota a wajen ajiye motoci na asibitin da nake zaman kallo, na buɗe a waya, na rufe, na sake buɗewa ko lambar za ta canza. Kusan minti arba'in ban fita daga motar ba. Abin da ya fi ci min rai kuma, wanda da yawa ba su sani ba sai sun faɗa ciki, shi ne in har ka tsallake ba a barinka ka sake rubutawa don ka gyara maki. Wanda ya faɗi yana da dama har sau 4, amma faɗuwar tana nan a rubuce kowa zai gani, kai da ka ci da ƙyar kuma lambar ta zama taka har abada. Don haka duk wanda bai riga ya shiga ba, don Allah ina roƙonka, in jarabawar gwaji ta NBME da kake yi a gida don auna kanka bai kai inda kake so ba ka ɗaga ranar. Ni ban ɗaga ba, na ga Satumba, lokacin tura takardun neman gurbi, na matsowa, na ga kuɗin haya, na ce Allah zai kawo sauƙi na shiga da gwaji biyu da duk suka nuna min ƙasa da 230. Gwajin bai yi min ƙarya ba.

Ni kuma tiyata nake so. Ba tun yau ba, shekara uku na yi ina shiga ɗakin tiyata kafin in zo ƙasar nan, hannuna ya saba, can ne nake jin ni likita ne. Tiyata ta gaba ɗaya shekara 5 ce a nan, kuma duk da ba ta kai fata ko ƙashi ko tiyatar ƙwaƙwalwa zafi ba, ga baƙo mai neman biza dutse ce babba. A 'yan shekarun nan alƙaluman NRMP, hukumar da ke rabon guraben residensi ta tsarin da ake kira Match, suna nuna baƙi irinmu da ba 'yan ƙasa ba wajen kashi 58 cikin 100 ne ke samun gurbi, 'yan ajin ƙarshe na makarantun MD na Amurka kuwa sama da kashi 90, kuma mafi yawan namu a medisin, wato likitancin cututtukan manya ba tare da tiyata ba, likitancin iyali da na yara suke shiga, ba tiyata ba.

Zagayen farko abin da na yi shi ne watsa iri. Na tura wa shirin residensi 110 takarduna ta ERAS, shafin da ake neman gurbi ta cikinsa, duk tiyata. Guda 30 na farko dala 11 kowanne, daga nan kowanne dala 30, ku lissafa, dala 2,730 kenan a dare ɗaya banda sauran kuɗaɗe, kuɗin da na tara da guminsa na yi tsammanin yawa zai rufe min rauni. Ashe akasarin takardun nan ba wanda ya buɗe su. Shiri mai gurbi biyar ko shida yana iya samun masu nema sama da dubu, toh ba mai zama ya karanta dubu, rariya suke sawa a kwamfuta, a ce nuna min waɗanda suka haura maki kaza, waɗanda ba su wuce shekara biyar da gama makaranta ba, waɗanda ba sa buƙatar biza, kai kuma ka zube ƙasa ba tare da ɗan Adam ya ga sunanka ba. Intabiyu biyu na samu. Ranar Litinin ta makon Match a watan Maris imel ya shigo da safe cewa ban samu ko'ina ba. Na shiga SOAP, inda ake rabon guraben da suka rage, an ba ka shiri 45 ka zaɓa kuma doka ta hana ka kira su sai dai su su kira ka, kwana uku wayata na hannuna har banɗaki, ba ta yi ƙara ba sai kiran Umma. Ta ce, Likita ya ake ciki? Na ce Umma bana ba rabo. Ta yi shiru kaɗan ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ka ci abinci dai ko? Bayan ta ajiye ne na yi kukan.

Wanda ya juyo da ni wani babban likitan tiyata ne da na yi zaman kallo a wajensa, shi ma baƙo ne ya shigo ƙasar nan tun ina firamare. Na kai masa takarduna ya karanta tsaf, ya cire gilashi ya ce, lambar nan ta riga ta bushe, ka daina zuba mata ruwa, tambayar ita ce wa zai ɗaga waya saboda kai? Na ce ranka ya daɗe babu kowa. Ya ce toh aikin shekarar nan kenan.

Wallahi maganar nan ita ce duk abin da na zo in faɗa muku. Mai ƙaramin maki ba ya shiga ta ƙofar kwamfuta, sai ta hannun mutum. Na yi watanni ina aikin bincike a sashensu, ina tattara bayanan majinyata, ina zuwa taron duba matsaloli da mace-mace na kowane mako tun gari bai gama wayewa ba, in zauna a layin baya in rubuta, har aka fara sanin fuskata, har wata rana aka ce wa zai gabatar da takarda kaza na ɗaga hannu. Abin da ya fito daga ciki rubutu biyu ne da aka buga da fosta ɗaya, ba wani abin a zo a gani ba, amma wasiƙun shaidar da na samu sun bambanta da na bara kamar dare da rana. ERAS tana barinka ka haɗa wasiƙa har 4 ga kowane shiri, na bara duk irin mai cewa yaro ne mai ladabi da ƙwazo ne, na bana kuwa mutum ne yake faɗin ranar da ya gan ni na gano wani abu a fayil da ya wuce wa kowa.

Na kuma rubuta Step 3, wannan kwana biyu ake yi, makin tsallakewa 200, na samu 231. Ba ta goge 224 ba amma tana gaya wa daraktan shiri cewa mutumin nan ba zai maƙale masa a jarabawa ba, sannan sai da ita ake iya ba ka bizar aiki ta H-1B, in ba haka ba J-1 ce ta hannun ECFMG mai sharaɗin komawa gida shekara 2 sai in ka samu sassauci irin na Conrad 30. Amma kar ka shige ta da gaggawa don kawai ka cike gurbi, faɗuwa a Step 3 a kan ƙaramin maki ya fi rashin rubutawar muni.

Sai maganar sigina, nan ne na fi yin wauta bara kuma har yanzu ina ganin 'yan uwa suna maimaitawa. Ana ba ka 'yan alamomi ka aika wa shirye-shiryen da ka fi so, tiyata 15 ne, medisin 3 na zinariya 12 na azurfa, kuma shirye-shirye da yawa masu sigina suke fara buɗewa. Bara na rabar da nawa ga manyan sunayen da kowa ya sani, wuraren da masu 260 ma ke layi. Bana na zauna sati biyu da Residency Explorer da FREIDA, shafukan da ke ɗauke da bayanan shirye-shiryen, ina shiga shafin kowane shiri ina duba hotunan likitocin da suke horarwa ɗaya bayan ɗaya, daga wace makaranta suka fito, akwai baƙo a ciki ko babu, suna ba da biza ko ba sa bayarwa. Shirin da shekara biyar bai ɗauki baƙo ko ɗaya ba, ba a kaina zai fara ba, na tsallake. Akasarin siginata asibitocin al'umma suka tafi, a garuruwan da sai na duba taswira kafin in san jiharsu.

Abu mafi ɗaci da na haɗiye shi ne neman medisin a gefe. Na daɗe ina ganin kamar cin amanar burina ne. Amma shekarun gama makaranta suna tafiya, kowace shekara rariyar tana ƙara tsukewa a kaina, ga iyali. Na rubuta takardar bayanin kai daban, wasiƙu daban, kuma ban nemi fanni biyu a asibiti ɗaya ba. Na kuma saka guraben tiyata na shekara ɗaya, waɗanda ake ce wa firilim, da idona a buɗe, don wannan ba alkawari a cikinsa, za ka yi aiki kamar kowa ko ma fiye, shekara ta ƙare ka sake neman gurbi. Akwai waɗanda suka bi ta nan suka shige, akwai waɗanda suka yi shekara biyu suka fito hannu rabbana. Duk wanda ya ce maka hanya ce mai sauƙi bai bi ta ba.

Yanzu dai muna tsakiyar Nuwamba, intabiyu 7 gare ni, biyu tiyata cikakkiya, biyu firilim, uku medisin, kuma biyar daga ciki inda na tura sigina ne, ɗaya kuma wayar malamin nan ce ta kawo shi. In lokacin jera zaɓi ya zo tiyata zan sa a sama, tunda tsarin Match yana fara gwada maka abin da ka fi so ne, saka babban buri a lamba ɗaya ba ya rage maka dama a na ƙasa. Wanda ya gyara lissafin tsarin, Alvin Roth, har kyautar Nobel ya samu a 2012, don haka kar wani ya ruɗe ka da dabarar wai ka fara da inda kake ganin za su ɗauke ka.

Na gobe ƙarfe tara ne, ta Zoom, kuma na san za su tambayi makin. A wancan karon da aka tambaye ni na yi ta kawo dalilai har na ga matar da ke min intabiyun ta fara duba agogo. Yanzu amsar ba ta wuce daƙiƙa talatin ba, na shiga ban shirya ba, na gane kuskurena, ga yadda na canza karatu, ga Step 3, sai in yi shiru. Shirun ne ke ba ni wahala, shi nake ta gwadawa a gaban madubi tun bayan Isha'i. Bari in je in goge rigar in sake gwada shi ko sau biyu ne kafin in kwanta. Ku sa ni a addu'a, sai na dawo muku da yadda aka yi.