Lacca: Kurakuran da Ke Maimaituwa a Sashen Cututtukan Mafitsara

Assalamu alaikum. Ina gaida shugaban wannan zama, da malamanmu, da 'yan'uwa likitoci da ma'aikatan jinya. Yawancin cutarwar da majinyatanmu ke gamuwa da ita tana aukuwa ne a wurare biyu, wato lokacin da muke sauraron kokensu, da kuma bayan mun sallame su.

Zan fara da robar fitsari, domin ita ta fi damuna. Dattijo zai zo cikin dare mararsa ta kumbura, fitsari ya ƙi fita saboda furostet, wato ƙullin da ke kewaye da hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta toshe hanya, a sa masa roba, ya samu sauƙi, ya yi ta sa albarka, ya koma ƙauye ba tare da an rubuta masa ranar dawowa ba. Bayan watanni sai ɗansa ya kawo shi yana rawar sanyi, ledar da ke ɗaure a cinyarsa ta yi duhu, robar ta kama tsakuwa, ƙwayoyin cuta sun haura zuwa ƙoda. Robar latas ana canza ta kusan duk mako 4, ta silikon kuwa tana iya kaiwa mako 12. Gyaran ba ya cin kuɗi: littafi guda a ajiye a sashen, a rubuta sunan duk wanda ya fita da roba, da ranar canji, da lambar wayar ɗansa, sannan a ɗora wa ma'aikaci ɗaya alhakin kira. Kuma wanda aka fara ba shi tamsulosin, maganin da ke sassauta furostet don fitsari ya fita, ya cancanci a cire robar bayan 'yan kwanaki a ga ko zai yi fitsari da kansa, maimakon a bar shi da ita har illa masha Allahu.

Sai fitsarin jini. Da yake tsargiya ta yi yawa a yankunan noman rani, mun saba rubuta maganinta, wato praziquantel, da zarar an ce jini. Ga yaron da ke wanka a kududdufi, sau da yawa zaton daidai ne. Amma mutum mai shekara 60 da ke fitsarin jini ba tare da zafi ba, wajibi ne a yi masa hoton ƙoda, a leƙa mafitsararsa da na'ura, domin tsargiyar da ta daɗe ita kanta tana iya haddasa ciwon dajin mafitsara.

Gwajin PSA ma, wato gwajin jini na neman alamar ciwon dajin furostet, ana gaggawarsa. Toshewar fitsari da ƙwayoyin cuta suna ɗaga sakamakonsa, saboda haka a jira su lafa kafin a tayar wa iyali da hankali. Haka nan a daina maimaita ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba tare da an kai fitsari awo ba.

Akwai kuma kunya, wadda ba a cika lissafawa da ita ba. Magidanci ba zai ambaci raunin mazakuta a gaban ɗansa ba, mace kuma ba za ta ce tana yoyon fitsari ba alhali ƙofa tana buɗe. A fitar da ɗan rakiya cikin ladabi, a rufe ƙofa, sannan a ce, "Baba, akwai abin da ya rage ba ka faɗa ba?"

A ƙarshe ina roƙon a koya wa mai ba da kati cewa saurayin da ya zo da ciwon maraina na farat ɗaya ba ya bin layi, domin idan murɗewa ce, awa 6 ke gare mu kafin marainan ya fara mutuwa.